Babi na 7: Lumshin Safiya a Achika

Sau biyu a shekara rana take bi ta tsakar kan mutanen Achika da ke ƙasar Wudil, yadda in mutum ya tsaya a fili da tsakar rana zai ga inuwarsa ta taru a ƙarƙashin ƙafafunsa: wajen 21 ga Afrilu, sai kuma wajen 21 ga Agusta. A ranakun nan biyu hanyar rana ɗaya ce, tsawon yini ɗaya ne, ƙarfin hasken da ke isowa saman duniya ma kusan ɗaya ne. Amma duk wanda ya zauna a ƙasar Wudil ya san ba a haɗa su. A Afrilu zafin yankin Kano yakan kai digiri 38 ko 39, wani zubin ya haura 40, kaji na haki, jama'a na kwana a tsakar gida. A Agusta kuwa da ƙyar yake wuce 30, har tsofaffi su nemi mayafi da asuba.

Ruwa ne ya raba su, ta hanyoyi uku. Akwai iskar damina mai laima da ke zuwa daga kudu. Akwai jiƙaƙƙiyar ƙasa da ganyen shuka, waɗanda ke sa ƙarfin rana ya ƙare wajen busar da ruwa maimakon gasa ƙasa. Sai kuma gajimare. Wannan babi a kan na ukun yake, musamman wani iri nasa da ba a cika kula da shi ba.

Hadari kowa ya san da zamansa. Ana tsoronsa, ana roƙonsa, ana tashi daga kasuwa dominsa. Lumshi kuwa ba mai tanka masa. A tsakiyar marka sai a wayi gari babu rana, sama ta yi toka-toka, gajimare ya sauko ƙasa-ƙasa ya rufe ko'ina, ba tsawa ba walƙiya, in ya yi yawa a sami ɗan yayyafi. Uwargida ta leƙa ta fasa fitar da shanya. 'Yan ƙwadago kuwa murna suke, don kafin rana ta buɗe sun ci rabin gona. Da hantsi sai ya fara yagewa, kafin azahar ya zama ƙulli-ƙullin farin gajimare masu tafiya ɗai-ɗai, rana ta fito da ƙarfinta. Gobe ko jibi a sake maimaitawa, kusan a kan lokaci guda. Abin da yake kiyaye lokaci haka ba ya rasa dalili, kuma dalilin yana can nesa, inda yawancin mutanen Achika ba su taɓa zuwa ba.

Asalinsa a teku

Gidan irin wannan gajimare na ainihi shi ne gaɓar yammacin manyan nahiyoyi, inda ruwan teku yake da sanyi: gefen Namibiya da Angola, gefen Peru da Chile, da gefen Kalifoniya ta Amurka. Iskar da ke shafar wannan ruwa takan yi sanyi, ta cika da laima. A samanta, wajen kilomita 1 daga fuskar ruwa, wata iskar ce busasshiya mai ɗumi take saukowa a hankali. Iska mai sanyi ta fi mai ɗumi nauyi, don haka ta ƙasa ba ta da ikon keta ta sama. Sai laimar ta taru a kan iyakarsu ta zama shimfiɗar gajimare. Kaurinta 'yan ɗaruruwan mitoci ne kawai, amma faɗinta yakan fi faɗin Nijeriya. In aka haɗa na teku da na tudu, irin wannan gajimare yana rufe kimanin kashi 20 cikin 100 na fuskar duniya, kuma babu wani nau'in da ya kai shi mamaye wuri.

Dare ne ke raya shi, rana ke cinye shi. Duk abin da yake fuskantar buɗaɗɗen sararin sama yana zubar da ɗuminsa, kuma ta haka ne ganye ke yin sanyi da dare har raɓa ta kwanta masa. Saman gajimaren ma haka yake yi. In ya yi sanyi sai iskar wurin ta yi nauyi ta nutse, ta tunkuɗo wata daga fuskar ruwa ɗauke da sabuwar laima, gajimaren ya ƙara kauri. Haka za a yi ta juyi har gab da fitowar alfijir, lokacin da ya fi kauri. Da rana ta ɗago sai ta ɗumama shi, nutsewar nan ta yi rauni, hanyar da ke kawo masa laima daga ƙasa ta yanke. Zuwa la'asar ya sirance, wani wurin ya yayyage. Rana na faɗuwa ya koma gina kansa.

Wanda yake son ganin ƙarfin wannan siririn gajimare ya dubi birnin Lima, hedikwatar Peru. Nisan Lima daga layin Ikwaita daidai yake da na Kano, digiri 12, sai dai ita tana kudu, mu muna arewa. Da tsayin rana kaɗai ke hukunci, da zafinmu ɗaya. Amma a watanninsu na sanyi, daga wajen Yuni zuwa Oktoba, mutanen Lima sukan yi makonni ba su ga rana sosai ba, zafin yini bai cika kai digiri 20 ba. Duk da wannan rufi ruwan saman da suke samu a shekara bai kai milimita 20 ba, abin da Wudil kan samu a hadari guda. Gajimare ne mai hana rana, ba mai ba da ruwa ba. A hamadar Namib kuwa shi ne yake shigowa tudu da dare a matsayin hazo mai laima, ya jiƙa tsirrai da ƙwari, ya janye da hantsi. A kudancin Maroko, kan dutsen Boutmezguida kusa da Sidi Ifni, raga ake kafawa tana tace ɗigon da ke cikinsa, ana tura wa ƙauyuka ta bututu. Ga kuma Salala ta ƙasar Oman, wadda ke kan layi ɗaya da Agadas, digiri 17: daga Yuni zuwa farkon Satumba gajimaren Tekun Larabawa ke kwanciya a kan duwatsunta yana yayyafi, su yi kore shar, Larabawan Saudiyya da Dubai su yi ta tururuwa zuwa shan sanyi.

Tafiyar dare

Daga Kano zuwa bakin teku a Legas ya haura kilomita 800 a miƙe. To me ya haɗa Achika da wannan labari?

Daga watan Mayu Mashigin Tekun Gini yakan fara hucewa. Ruwan da ke wajen digiri 29 a Afrilu kan sauka ƙasa da 25 a kusa da Ikwaita kafin Agusta, haka ma a gaɓar Gana da Kwaddibuwa. A daidai lokacin ne Sahara take tsananin zafi, iskarta ta yi sako-sako ta tashi sama. Sanyi a kudu, zafi a arewa, sai iska ta kwararo daga teku zuwa hamada, juyawar duniya ta karkatar da ita ta riƙa zuwa mana daga kudu maso yamma. Ita ce iskar damina. Ba ta da zurfi, kilomita 1 ne zuwa 2 daga ƙasa. Wasu masana biyu na Faransa, Benjamin Sultan da Serge Janicot, sun nuna a 2003 cewa babban layin ruwan sama ba rarrafowa yake yi zuwa arewa ba, tsalle yake yi daga bakin teku zuwa wajen digiri 10, galibi kusa da 24 ga Yuni. Shi ya sa lokacin da Kano ke tsakiyar marka, a Legas da Ibadan ruwa tsagaitawa yake yi a Agusta, ya bar su da rufaffen sama da sanyi.

Abin da aka daɗe ba a fahimta ba shi ne wannan iska ba ta tafiya daidai dare da rana. Da rana, in ƙasa ta yi zafi, iskar da ke kanta takan riƙa tasowa tana komawa kamar ruwan tukunya mai tafasa, kuma wannan hautsini yana taka wa kwararowar birki. Rana na faɗuwa ƙasa ta huce, hautsinin ya tsaya, iskar da ke 'yan ɗaruruwan mitoci a sama ta rabu da bishiyoyi da tuddai da ke riƙe ta, ta zabura. A tsakar gida ganye ko motsi ba ya yi, mutane na fifita, alhali can sama kaɗan iska ce ke gudu zuwa arewa, kuma ta fi ƙarfi daga tsakar dare zuwa asuba. Douglas Parker na Jami'ar Leeds ta Ingila da abokan aikinsa sun fayyace wannan a 2005, aka kuma ƙara tabbatar da shi a 2006, lokacin babban binciken AMMA da aka yi a Yamai da arewacin Jamhuriyar Benin da wasu wurare. A taƙaice, da dare ake jigilar laima zuwa arewa, da rana ake raba ta sama.

Mu ɗan yi lissafi. In iskar daren tana gudun kilomita 30 a awa, ta yi awa 10, kilomita 300 ke nan. Ashe laimar da ta baro teku ba ta isowa ƙasar Wudil a dare ɗaya. Sai ta yi zango-zango, tana ƙara guzuri daga dazuzzuka da gonakin da ta ratsa. Wato gajimaren da ake gani da safe a Achika ba shi ne ya taso daga teku ba. A nan kusa aka haife shi, cikin sulusin dare na ƙarshe, sa'ad da iskar mai laima ta yi sanyin da ba za ta iya riƙe tururinta ba. Kayan haɗin ne na teku, ɗabi'ar ma ta teku ce: ya yi kauri da asuba, ya watse da rana.

An bi wannan al'amari daki-daki a watannin Yuni da Yuli na 2016, a wani bincike mai suna DACCIWA da Tarayyar Turai ta ɗauki nauyi, ƙarƙashin jagorancin Peter Knippertz na Karlsruhe a Jamus. An kafa tashoshi uku, a Kumasi ta Gana, da Savè ta Benin, da Ile-Ife a Jami'ar Obafemi Awolowo, ga jiragen sama uku da ke tashi daga Lome. A Savè, kimanin kilomita 180 daga gaɓa, an riƙa ganin iskar teku mai sanyi tana isowa bayan faɗuwar rana, gajimare ya haɗu cikin dare ƙasa-ƙasa, ya kai safiya, sannan ya ɗaga ya kekkece tsakanin hantsi da bayan azahar. A yawancin dararen da aka auna haka ta faru.

Kada dai mu kai abin inda bai kai ba. Cibiyar wannan gajimare tana tsakanin bakin teku da wajen digiri 9 ko 10, wato ƙasar Yarbawa zuwa su Minna da Abuja. Mu a gefensa muke. Sai iskar damina ta yi zurfi ƙasa kuma ta ƙoshi, a ƙarshen Yuli da Agusta, yake yawan samunmu. Kuma ba kowane lumshi ne shi ba. Wani saura ne na hadarin da ya wuce cikin dare, yana can sama ƙwarai, shimfiɗe, kamar ba ya motsi. Rarrabe su ba wuya. A tsaya kusa da doguwar bishiya a duba: na ƙasa yana gudu, ana ganin tafiyarsa, kuma daga kudu maso yamma yake zuwa ya nufi arewa maso gabas.

Gabas ake kallo, yamma ke kawowa

Wannan ya kai mu ga wani abu da manomi zai iya musantawa. Kowa ya san hadari daga gabas yake haɗowa. Yaya za a ce ruwan daga kudu maso yamma yake?

Duka biyun gaskiya ne, hawa ne ya bambanta. A saman iskar damina, wajen kilomita 3 zuwa 4, akwai wata iska mai ƙarfi da ke tafiya daga gabas zuwa yamma. Ta ƙasa ce mai kawo ruwa, ta sama ce mai tuƙa hadari. Manyan hadurra sukan tashi da la'asar, sau da yawa a kan duwatsu da tuddai inda iska ke saurin hawa, sai su jeru su nufi yamma da gudun kusan kilomita 50 a awa, suna zuƙar laimar da aka tara musu a gaba. Waɗanda ke zuwa mana sukan ratso Borno da Yobe da Jigawa, wasu ma tun daga Chadi. Binciken da aka yi a yankin Yamai ya nuna kusan kashi 90 cikin 100 na ruwan shekara irin waɗannan hadurra matafiya ne ke kawo shi, kuma a can ruwa ya fi sauka gab da asuba, don lokacin ne waɗanda suka tashi da yamma daga wajen duwatsun Azbin suke isa. Tsakanin Dutse da Wudil kimanin kilomita 55 ne a miƙe. Wanda ɗan'uwansa ya bugo masa waya daga Dutse cewa hadari ya taso yana da wajen awa guda ya kwashe shanya, kuma mutumin Wudil na iya yi wa na birnin Kano irin wannan alheri.

Ina lumshi ya shigo a nan? Hadari yana bukatar abu biyu, laima da zafin ƙasa. Dare ya kawo na farko, na biyun kuwa yana hannun gajimaren safe. In ya yage da wuri, rana ta sami awoyi tana dukan jiƙaƙƙiyar ƙasa, sai a ji garin ya yi cunkus, gumi na tsiyaya ko a inuwa, kuma duk hadarin da ya iso ya tarar da abinci. In ya yi taurin kai har bayan azahar, yinin zai tafi da sanyi, iska ba ta da kuzarin hawa, hadarin da ya shigo ma yana iya yin laushi. An ce Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, amma a nan sai a yi hattara. Safiya na faɗin ko an shirya wa hadari wuri, ba ta faɗin ko zai zo. Wannan yana can ga abin da ya faru a gabas.

Sauran tasirinsa a ƙasa a bayyane yake. Da rana inuwa ne, da dare kuma yana mayar wa ƙasa ɗumin da take zubarwa. A hunturu, da sama take a buɗe iska kuma a bushe, tazarar zafin rana da sanyin asuba a Kano takan kai digiri 16 ko fiye. A Agusta wajen rabin haka ce. Gona na riƙe danshi, wanda alheri ne a ƙasa mai yashi. Amma ganye na daɗewa a jiƙe, kuma abin da cututtukan funfuna na gero da gyaɗa da wake suke so ke nan. Mai cajin waya da sola ya san safiyar marka ba ta ciniki ba ce. Mai feshi kuma zai lura iska takan taso da hantsi bayan an wayi gari tsit: iskar daren nan ce rana ta fara hautsinawa tana sauko da ita. (Irin wannan saukowa ce, a hunturu, daga ɓangaren arewa maso gabas, take tayar da ƙurar kwarin Bodele a Chadi, wadda ke zame mana hazo bayan kwana ɗaya ko biyu.) Wanda ya makara da feshi, rabin maganinsa gonar maƙwabci zai tafi.

Abin da ba a auna ba

Masana a Turai da Amurka sun damu da ƙananan gajimare ne saboda ɗumamar duniya. Ruwan teku baƙi ne ga rana, abin da yake mayarwa bai kai kashi 10 cikin 100 na haskenta ba, amma in gajimare ya rufe shi yakan mayar da kashi 30 zuwa 60. Ko zai ragu ko zai ƙaru nan gaba na cikin manyan abubuwan da suka sa hasashen masana ya saɓa wa juna. Hatta hayaƙi yana taɓa shi. Ƙwayoyin hayaƙin jiragen ruwa na sa ɗigon gajimare ya yi ƙanana ya yi yawa, ya ƙara fari, har ana ganin sawun jirage a hoton tauraron ɗan Adam. Da aka rage sinadarin farar wuta da aka yarda ya kasance a man jiragen, daga kashi 3.5 zuwa 0.5 cikin 100, a ranar 1 ga Janairun 2020, sai sawun ya ragu.

Mu kuma damuwarmu ta fi kusa. Daminarmu rataye take da bambancin sanyin teku da zafin hamada. A 1984, shekarar da dattawan ƙasar Hausa ba su manta farinta ba, ruwan Mashigin Tekun Gini ya yi ɗumi fiye da al'ada, ruwan sama ya maƙale a kudu. Gajimaren da ke tsakaninmu da teku na cikin masu daidaita wannan bambanci, domin shi ke ƙayyade yawan ranar da ke isa ƙasa a duk faɗin kudu. Tun 2011 Knippertz da abokansa suka nuna manhajojin kwamfuta masu kwaikwayon yanayi ba sa samar da shi yadda ya kamata, suna barin rana ta yi yawa a ƙasa. Tauraron ɗan Adam ma yana shan wahalar ganinsa da dare, saboda ɗuminsa kusan ɗaya ne da na ƙasa, ga gajimaren sama yana kare shi. Wani nazari na 2018 ya gano cewa a wannan yanki namu, hasashen ruwan gobe da manyan cibiyoyin duniya ke fitarwa da ƙyar yake fin a duba tarihin shekarun baya a faɗi abin da aka saba gani.

A ganina ba ƙarancin kwamfuta ne kaɗai matsalar ba, ƙarancin ido ne a ƙasa. Hukumar NiMet na da tasha a filin jirgin saman Malam Aminu Kano, tana kuma fitar da hasashen damina kowace shekara, amma tasha guda a birni ba za ta ga abin da ke faruwa a kowace gunduma ba. Abin da ake bukata a nan kuwa ba ya cin kuɗi: littafin rubutu, agogon waya, da ma'aunin ruwa da za a iya haɗawa da gora. Malamin kimiyya a makarantar Achika, ko Darki, ko Utai, ko Lajawa, zai iya sa ɗalibansa su riƙa rubuta abu huɗu kullum daga Yuni zuwa Satumba: ko an tashi da lumshi, daga ina gajimaren yake zuwa, ƙarfe nawa rana ta fito, da ko an yi ruwa kafin wata safiyar. Ga jami'ar kimiyya da fasaha a Wudil tun 2001, wadda yanzu ke ɗauke da sunan Aliko Dangote, tana da malamai da ɗalibai da za su iya tattara littattafan su tantance. Damina biyar ta isa a fara sanin sau nawa lumshi ke zuwa ƙasar Wudil, da ko lokacin yagewarsa na faɗin wani abu game da ruwan yamma. Malamai da shugabannin ƙungiyoyin manoma, a fara daga daminar bana.